Kwana goma a El Salvador: ina zan je, me zan ci, kuma lafiya lau ne?

Tambayar ta zo ne daga wani ɗan'uwa Bakatsine mazaunin jihar Maryland ta Amurka. Abokin aikinsa ɗan El Salvador, wata ƙasa a Amurka ta Tsakiya, ya gayyace shi auren ƙanwarsa da za a yi a garin Santa Ana cikin Disamba. Yana da hutun kwana goma, amma abin da ya sani game da ƙasar bai wuce 'yan daba masu zane a fuska da ƙaton kurkukun nan da ake yawo da hotunansa a intanet ba. Yana so ya ji ko wurin zuwa ne, wace irin al'ada zai tarar, ina ya kamata ya leƙa, kuma a matsayinsa na Musulmi me zai sa a bakinsa.

Malam, ka je. Gayyatar biki ta fi duk wani kamfanin yawon buɗe ido, domin ita za ta shigar da kai cikin gida, kuma a ƙasar nan al'ada a cikin gida take, ba a bakin titi ba. Kwana goma kuma sun ishe ka, saboda ƙasar 'yar ƙarama ce. Faɗinta murabba'in kilomita 21,000 ne da ɗoriya, kusan daidai da jihar Kano, mutanenta wajen miliyan 6. Kana iya karya kumallo a kan dutse cikin gonar gahawa, ka ci abincin rana a bakin tekun Fasifik. Kuɗin da ake kashewa dalar Amurka ce tun 2001, saboda haka babu wahalar canji.

Bari mu fara kawar da maganar tsaro, tunda ita ce ta tsaya maka a rai. Ruwa ba ya tsami banza. A 2015 an kashe mutum sama da 6,600 a ƙasar, wato fiye da 100 cikin kowane 100,000, kuma a lokacin da wuya ka sami ƙasar da ba a yaƙi a cikinta da ta kai haka. Ƙungiyoyin daba biyu, MS-13 da Barrio 18, waɗanda aka ƙyanƙyashe a unguwannin Los Angeles kafin Amurka ta riƙa tuso ƙeyar 'ya'yansu gida a shekarun 1990, sun raba unguwanni a tsakaninsu. Mai shago da direban bas da mai tuya a bakin hanya, kowa na biyan harajin dole da ake kira renta. Yaro ba shi da ikon tsallaka titi ya gaida kakarsa in unguwarta ta abokan gaba ce. A ƙarshen Maris na 2022, bayan an kashe mutum 87 cikin kwana uku, gwamnatin Shugaba Nayib Bukele ta kafa dokar ta-ɓaci, majalisa kuma ta ci gaba da sabunta ta wata-wata. An kama mutum sama da 80,000. A 2024 gwamnati ta ce kisan kai 114 aka yi a duk shekarar. Ko ka zaftare wani abu daga alƙaluman hukuma, sauyin na gaske ne, da idonka za ka ga iyaye da yara suna shan iska a dandali bayan isha'i.

Sai dai zaman lafiyar ba a kyauta aka same shi ba. A ƙarƙashin dokar ana iya tsare mutum kwana 15 ba a kai shi gaban alƙali ba. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam irin su Cristosal da Human Rights Watch sun tattara bayanan mutanen da aka kama ba su ji ba ba su gani ba, da ɗaruruwan da suka mutu a tsare, shi kansa shugaban ya amsa cewa an saki wajen mutum 8,000 da ba su da laifi. A teburin biki ɗaya za ka iya zama da wanda ke yi wa Bukele addu'a safe da yamma, da wadda ɗanta ke tsare ba ta san halin da yake ciki ba. Kai baƙo ne: ka saurara, kada ka zama alƙali. Tsarin mulkinsu ma ya hana baƙo tsoma baki a siyasar cikin gida. Ka riƙa yawo da kwafin fasfo, kuma kada ka yarda wani ya ba ka saƙon da ba ka san abin da ke ciki ba.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Mutumin da ya taɓa ganin hotunan Gwatamala, maƙwabciyarsu, da matan ƙabilar Maya cikin saƙaƙƙun riguna masu launi kala-kala suna ciniki da harshen kakanninsu, idan ya sauka El Salvador yakan ce ai nan ba su da al'ada. Kowa wandon jins da riga, kowa Sifaniyanci, ko'ina shagunan kaza irin na Amurka. Wannan hukunci ne na gaggawa. Akwai dalilin da ya sa ba ka ganin tufafin gargajiya a titi, kuma idan ka san dalilin, kowane gari da za ka shiga zai yi maka magana dabam.

Labarin daga baba ya faro, baban rini dai da ka sani. Bayan Pedro de Alvarado ya shigo da yaƙi daga Gwatamala a 1524, Turawan Sifaniya ba su sami zinariyar kirki a nan ba. Da farko koko suka riƙa fitarwa, daga baya suka koma ga shuni. Ƙarnuka da dama arzikin yankin a kan ganyen baba yake, wanda suke kira jiquilite. Ana jiƙa shi a manyan kwatamai na gini, a yi ta bugun ruwan har ya juye shuɗi, a tace, a busar da shi dunƙule-dunƙule a loda wa jiragen ruwa zuwa Turai. A wurin tarihi na San Andrés, kan hanyar babban birni San Salvador zuwa Santa Ana, akwai irin waɗannan kwatamai da aman wutar dutse ya binne a 1658, aka tono su yadda suke. Abin da ya kashe wannan kasuwa shi ne abin da ya rage wa karofin Ƙofar Mata ƙarfi: rinin kanti da masana'antun Turai suka ƙirƙiro a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, har Jamusawa suka fito da shunin roba kasuwa a 1897. A garin Suchitoto yanzu an farfaɗo da sana'ar. Za ka iya shiga ɗakin rini a ba ka ƙyalle ka ɗaure da zare ka tsoma da hannunka, ka ga yadda yake fitowa kore-kore sannan iska ta mai da shi shuɗi a gabanka. Wanda ya taso kusa da marina zai gane warin tun daga bakin ƙofa.

Da shuni ya faɗi, masu mulki suka juya ga gahawa. Ita kuwa gahawa tudu take so, ƙasa mai tokar dutse da sanyi, kuma waɗannan tuddan su ne gonakin gandu na 'yan asalin ƙasa, mutanen Nahua da ake kira Pipil. A 1881 da 1882 aka yi dokokin da suka soke mallakar ƙasa ta gamayya. Cikin 'yan shekaru filayen suka tattare a hannun tsirarun gidaje, waɗanda har yau ake musu laƙabi da gidaje goma sha huɗu, masu ƙasar kuma suka koma 'yan ƙwadago a gonakin kakanninsu. Da kasuwar duniya ta karye a 1929 farashin gahawa ya zube, ladan aiki ya bi shi. A Janairun 1932 manoman yamma suka yi bore da adduna, suka kama garuruwa irin su Juayúa da Izalco da Nahuizalco na 'yan kwanaki. Janar Maximiliano Hernández Martínez ya mayar da martani da kisan kiyashi. Masana tarihi sun saɓa a kan adadi, daga mutum 10,000 zuwa 30,000. An rataye shugaban 'yan asalin Izalco, Feliciano Ama, a bainar jama'a, an harbe jagoran 'yan gurguzu Farabundo Martí. A waɗannan makonni, shigarka da harshenka sun isa su ja maka harsashi. Da yawa daga waɗanda suka tsira sai suka ajiye zanen gargajiya, suka daina yi wa 'ya'yansu magana da harshen Nawat. Yau masu jinsa tun daga nono tsirarun tsofaffi ne, mafi yawansu a garin Santo Domingo de Guzmán, inda ake ƙoƙarin koya wa ƙananan yara. Sai a 2014 tsarin mulki ya amince a rubuce cewa akwai 'yan asalin ƙasa a El Salvador.

Me ya sa na tsaya a nan haka? Saboda hanyar da kowa zai ce maka ka bi, Ruta de las Flores, ta cikin waɗannan garuruwa ta ratsa. Daga Santa Ana ba nisa. Garuruwa ne biyar a jere a kan tsaunukan gahawa: Nahuizalco, Salcoatitán, Juayúa, Apaneca da Concepción de Ataco. Suna da kyau ƙwarai, ba na musu. Ataco na da titunan dutse da bangaye masu zane, da masaƙa da ke aiki da mataka a cikin shaguna. Juayúa na cika da rumfunan abinci duk Asabar da Lahadi, kuma a bayan garin akwai ruwa mai zubowa daga jikin dutse da ake kira Chorros de la Calera. Nahuizalco gari ne na masu saƙar kwanduna da tabarmi da kujerun kaba, yana da kasuwar dare, kuma a can ne za ka fi dacewa da ganin tsohuwa ɗaure da zanen refajo na da. Disamba lokacin tsinkar gahawa ne, za ka ga motoci cike da masu tsinka da asuba, kowa da kwando ɗaure a ƙugu. Ka shiga gona ɗaya a nuna maka yadda ake ɓare jajayen 'ya'yan, a wanke, a shanya a farfajiya ana juyawa da katako. Ka nemi a dafa maka irin Pacamara, wanda masu binciken ƙasar suka haɗa da kansu a 1958. Ka tafi da rigar sanyi, Apaneca da dare ba wasa.

Abin da kisan 1932 bai iya shafewa ba shi ne masara, kuma wurin da zai nuna maka zurfin wannan shi ne Joya de Cerén, kilomita talatin da wani abu daga babban birni. A ganina babu wurin da ya kai shi a duk ƙasar, ko da yake mai neman dogon gini zai raina shi. Ƙauyen manoma ne na Maya da wani ƙaramin dutse, Loma Caldera, ya yi aman wuta ya binne da toka mai zurfin mitoci wajen shekara ta 600 miladiyya. A 1976 wata katafila mai share fili don gina rumbunan hatsi na gwamnati ta ci karo da bangon ɗaki. Masanin tona ƙasa Payson Sheets ya fara aiki a wurin a 1978, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1993. Ba a sami gawar kowa ba, alamar mutanen sun samu sun gudu, amma sun bar komai. An tarar da akusa da shatin yatsun da suka suɗe abinci, ba a kai ga wankewa ba. An tarar da tabarmin barci a naɗe, ba a shimfiɗa ba tukuna, abin da ya sa masana suka ce da magariba abin ya faru. Ga tukwane da wake, ga barkono a rataye, ga wuƙaƙen baƙin dutse a soke cikin jinka inda hannun yaro ba zai kai ba, ga agwagwa a ɗaure a ɗakin ajiya. Shukar da ke gona ta ruɓe ta bar gurbinta a cikin toka, sai masu aikin suka riƙa ɗura farar ƙasa a ramukan, siffar karan masara da saiwar rogo ta fito ƙuru-ƙuru. Sauran wuraren tarihin Maya labarin sarakuna da matsafa suke bayarwa. Nan kaɗai za ka ga yadda talaka ya kwana ya tashi. In kana son dala mai tsayi, Tazumal na garin Chalchuapa, 'yar tafiya kaɗan daga Santa Ana. Ka lura dai wuraren tarihi ba sa buɗewa ran Litinin.

Masarar nan da waken nan su ne za a ajiye maka a faranti da sunan pupusa. Ana dafa ƙwayar masara da wata farar hoda ta dutse da suke kira cal, a wanke, a niƙa ta zama ƙulli mai danƙo. Mai tuya za ta ɗebi curi ta lotsa tsakiyarsa, ta cusa haɗi, ta rufe, ta riƙa tafa shi tsakanin tafukanta har ya baje, sannan ta ɗora a kan faffaɗan kasko. Wannan tafin shi ne sautin yamma a kowace unguwa. Cukun da ya tsiyayo ya ƙone a gefe shi ne daɗin abin. Ana ci da curtido, wato yankakken kabeji da karas da aka tsima a ruwan tsami, da ruwan tumatir marar yaji. Da hannu ake ci. Idan ka nemi cokali mai yatsu za a ba ka, amma za a yi maka dariya a ɓoye. Kowace ɗaya ba ta cika wuce dala ɗaya ba, uku sun ƙosar da ƙato. Garin Olocuilta, a kan hanyar filin jirgi, ya yi suna da ta garin shinkafa. Har ranar pupusa ta ƙasa gare su, Lahadi ta biyu a Nuwamba.

A nan Musulmi zai buɗe ido. Pupusar da aka fi ci sunanta revuelta, kuma a cikinta akwai chicharrón, niƙaƙƙen naman alade. Ba ya fitowa fili, ya haɗe da wake da cuku. Ka haddace waɗannan: de queso, ta cuku zalla, queso con loroco, cuku da wani toho mai ƙamshi, kuma ita na fi so, con ayote, da kabewa. Wake kuwa sai ka tambaya, don wasu da kitsen alade suke soya shi. Kalmar ita ce manteca de cerdo. Ka ce no como cerdo, ba na cin alade, kowa zai gane. Kasko ɗaya ake tuya duka a kai, in wannan zai dame ka sai ka roƙi uwar gidan abokinka ta yi maka naka a gefe, ba za ta ƙi ba. Soyayyen rogo, yuca frita, ana barbaɗa masa alade a kai, amma akwai mai ƙananan kifi, ka ce con pepescas. Tamal, ƙullin masara da ake turarawa cikin ganyen ayaba, shi ma abin tambaya ne. Kifi da jatan lande suna nan birjik a bakin teku. Abin sha kuwa ka gwada horchata, wadda suke yi da ƙwayar morro da gyaɗa da riɗi da kirfa, da kunun ɗanyar masara mai zafi, atol de elote. Za a sha giya a biki, amma ƙin sha ba abin mamaki ba ne a wurinsu, domin mabiya cocin bishara sun yi yawa ƙwarai a ƙasar kuma akasarinsu ba sa taɓawa.

Musulmi tsiraru ne, amma akwai masallatai a San Salvador, kuma mahaifin shugaban ƙasar, marigayi Armando Bukele Kattán, musulunta ya yi har ya zama limami ya kafa wasu daga cikinsu. Zuri'arsu Falasɗinawa ne, cikin dubban da suka yi ƙaura daga Baitalami da kewaye tun ƙarshen ƙarni na 19, yawancinsu Kiristoci. Sun yi ƙarfi a kasuwanci da siyasa har ta kai a zaɓen 2004 manyan 'yan takara biyu, Antonio Saca da Schafik Hándal, duk jinin Baitalami ne. Baƙar fata kuwa ba su da yawa. Janar ɗin nan na 1932 ya yi dokar shige da fice a 1933 da ta hana baƙaƙe da 'yan Sin da Larabawa shigowa zama. An daɗe da soke ta, amma a ƙauye za a kalle ka, yara su bi ka, wani ya kira ka moreno, wato mai duhun fata. Galibi mamaki ne, ba ƙiyayya ba.

Tunda a Santa Ana za ka sauka, dutsen yana bayan gidanku. Sunansa Ilamatepec, tsayinsa mita 2,381, ya yi aman wuta na ƙarshe a 2005. Da safe ake hawa, rukuni-rukuni tare da ɗan jagora, awa ɗaya da rabi zuwa biyu ga mai matsakaicin ƙarfi. Ana farawa cikin kurmi, a ƙare a kan tsakuwa tsirara inda iska ke neman ture mutum. A bakin ramin za ka leƙa ka ga tafki kore shar yana hayaƙi, warin farar wuta na dukan hanci, idan ka juya kuma ga tafkin Coatepeque shuɗi a ƙasa, ga baƙin dutsen Izalco a gefe. Shi Izalco a 1770 ya ɓullo, ya yi kusan shekara 190 yana tofar da wuta har matuƙan jiragen ruwa na gane hanya da shi cikin dare. Gwamnati ta gina otal a kan tudun Cerro Verde don baƙi su zauna su sha kallo, ana gab da gamawa dutsen ya yi shiru. Ƙasar gaba ɗaya a kan wuta take zaune, har lantarki suke samu daga tururin ƙarƙashin ƙasa a Ahuachapán da Berlín. Girgizar ƙasa ma ba baƙuwa ba ce, ta 1986 da biyun da aka yi a farkon 2001 sun yi ɓarna sosai. In ka ji gado ya ɗan motsa da dare, dubi masu gida, in ba su tashi ba ka koma barci.

Babban birni yini ɗaya ya ishe shi. Tsakiyar garin da a da ba mai shiga sai dole, yanzu an share ta an ƙawata, bayan an tashi dubban 'yan tireda daga tituna, su ma da nasu kukan. Akwai sabon ɗakin karatu na ƙasa da Sin ta gina, aka buɗe a Nuwamban 2023, ba a rufe shi dare da rana. Cocin El Rosario daga waje sai ka ce wata tsohuwar ma'ajiyar kaya ce ta siminti, amma ka shiga da la'asar ka ga yadda hasken rana ke ratsa gilasai masu launi ya zuba a ƙasa. A ƙarƙashin babban cocin birnin kuma akwai kabarin Óscar Romero, babban limamin Katolika da ya riƙa karanta sunayen waɗanda aka kashe da waɗanda aka ɓatar a huɗubarsa ta rediyo. Ran 23 ga Maris 1980 ya yi kira ga sojoji su daina bin umarnin kashe 'yan'uwansu, washegari aka harbe shi yana tsakiyar ibada a ƙaramin cocin wani asibiti. Fafaroma Francis ya ayyana shi waliyyi a 2018, filin jirgin da za ka sauka ma sunansa yake ɗauke da shi. Ba sai kana Kirista ba za ka gane matsayinsa a zukatan mutane. Daga nan ka wuce lambun Cuscatlán, inda aka kafa dogon bangon baƙin dutse ɗauke da sunayen dubban fararen hula da yaƙin basasa ya ci.

Yaƙin ya ɗauki shekara 12, daga 1980 zuwa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Meziko ran 16 ga Janairu 1992, ya ci rai wajen 75,000, kuma shi ya kora mutane Amurka, wataƙila har da iyayen abokinka. Yau kuɗin da 'yan ƙasar ke aikowa daga waje ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin arzikinta. In kana da kwana biyu na rara da ƙarfin zuciya, ka nufi gabas zuwa tsaunukan Morazán, tafiyar awa huɗu ko biyar. A Perquín akwai gidan tarihin juyin juya hali, inda tsofaffin 'yan tawayen FMLN da kansu ke zagayawa da baƙi, su nuna maka kayan gidan rediyonsu na ɓoye, Radio Venceremos, da ramin da bam ya haƙa. Kusa da nan ne El Mozote, ƙauyen da bataliyar Atlacatl ta sojojin gwamnati, wadda Amurka ta horar, ta kashe mutum kusan 1,000 a Disamban 1981, fiye da rabinsu yara. Wata mata, Rufina Amaya, ta ɓuya a cikin itatuwa ta tsira, ta yi shekaru tana ba da shaida gwamnatin ƙasar da ta Amurka na ƙaryata ta, sai da masu binciken ƙasusuwa daga Ajantina suka tono wurin a 1992. Ba wurin ɗaukar hoton dariya ba ne. Matan garin ne ke ba da labarin, ka ba su abin da ya sauwaƙa.

Bakin teku ba zan ja shi ba, shi ne abin da gwamnati ta fi tallatawa da sunan Surf City. El Tunco da El Zonte baƙin yashi ne da duwatsu da manyan igiyoyin ruwa, aljannar masu hawan allo, har gasar duniya an yi a can a 2021 da 2023. Ga wanda bai iya ruwa sosai ba, kallo ya fi, domin ruwan na janye mutum. El Tunco da dare mashaya ce. Ka je La Libertad da rana ka ci gasasshen kifi, ka ga faɗuwar rana, ka koma. Maganar Bitcoin da aka mayar kuɗin hukuma a 2021 kuwa, a farkon 2025 an sassauta dokar, karɓarsa ya zama ganin dama, kuma mai pupusa tsabar kuɗi take so. Ka tanadi ƙananan takardu, ta dala 50 ko 100 wahala ce a kasuwa.

A gidan biki, gaisuwa ita ce jarinka, kuma wannan ba sai an koya wa Bahaushe ba. Ka bi kowa ɗaya bayan ɗaya. Manya ka ce musu usted, wato 'ku' na girmamawa, ka bar vos, wato 'kai', ga abokinka da sa'o'insa. Dattijo Don ne kafin sunansa, dattijuwa Doña, ko da yake za ka ji ana ce wa tsohuwa mai jikoki Niña kaza, girmamawa ce. In ka wuce masu cin abinci ka ce buen provecho. Mata kan miƙo hannu ko kunci wajen gaisuwa, in ba ka so ka dafa ƙirji ka ɗan rusuna da fara'a, ka sa abokinka ya yi musu bayani tun kafin ka iso. Za a kaɗa cumbia har dare ya raba. Idan hutunka ya kai 24 ga Disamba, a daren ne suke babban shagalin Kirsimeti, kuma ƙarar abin fashewa da tsakar dare za ta sa ka zaci yaƙi ya dawo. Manyan bukukuwan gargajiya za su wuce ka: na farkon Agusta a San Salvador, da jifa da ƙwallon wuta a Nejapa ran 31 ga Agusta, da na furanni da ganyen dabino a Panchimalco cikin Mayu, inda ake rawar historiantes mai kwaikwayon yaƙin Kiristoci da Musulmin Andalus, abin da Sifaniyawa suka kawo. Tsaraba kuwa, gahawa, da ƙyallen shuni, da zanen katako mai launi na garin La Palma irin salon Fernando Llort, da 'yan mitsi-mitsin mutum-mutumin yumɓu na Ilobasco.

Saura takardu, kuma da su ya kamata ka fara tun yau. Idan da koren fasfo za ka yi tafiya, kada ka ɗauka zamanka a Amurka ya wadatar. Ka je ƙaramin ofishin jakadancinsu, suna da shi a yankin Washington, ka tambayi irin bizar da ake nema daga ɗan Najeriya da tsawon lokacin da take ɗauka, ka kuma karɓi wasiƙar gayyata daga dangin amarya. Akwai wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye. A Oktoban 2023 hukumar filayen jiragensu ta ɗora harajin dala 1,000, da haraji a kai ya zama 1,130, a kan fasinjoji masu fasfon ƙasashen Afirka da Indiya da ke bi ta filin jirgin, a lokacin da 'yan ci-rani ke ratsawa ta can zuwa Nikaragwa su nufi iyakar Amurka. Ka sa ofishin jakadancin da kamfanin jirgin su gaya maka a rubuce ko har yanzu yana aiki kuma ya hau kanka kafin ka biya kuɗin tikiti. Wanda zai taso daga Kano ko Yamai kuma ya haɗa da katin rigakafin shawara, ya kuma duba bizar ratse ta duk ƙasar da jirginsa zai yada zango, don babu jirgin da ke zuwa can kai tsaye daga Afirka ta Yamma.